Shingen Akawu

Gidan da aka kai ni a Jos ba shi da katanga. Ba cewa nake yi gajera ce ko ta zube ba, babu ita ne ɗungum. Ɗaki biyu ne na siminti da rufin kwano, a jere da 'yan'uwansa da wani kamfanin kuza ya gina wa akawunansa. Madafi yana can a ware, taku goma sha ɗaya daga ƙofar baya, makewayi kuma gaba da shi kaɗan. Tsakaninsu fili ne fetal, ga hanyar da leburori ke bi zuwa ramin kuza ta gefensa ta ratsa. Ni kuwa 'yar cikin birnin Zariya ce, a gidanmu sai ka wuce zaure uku kafin ka ji ko tarin mace.

A tsakiyar shekarun hamsin ne, Turawa na nan da ƙarfinsu. Mijina akawu ne mai alƙalami biyu a aljihun gaba. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ina son shi. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don abin da zai biyo baya zai sa a yi shakka. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da inji ya buga a takarda ya zama gaskiya a wurinsa. Da za a buga a jarida cewa ba shi da hanci, sai ya shafa fuska tukuna, kuma ko ya ji hancin zai ce a dakata a bincika.

Dokar kamfani ta hana zana saboda gobara, ta hana katangar ƙasa don wai tana ɓata layi. Abu ɗaya aka yarda da shi, shinge mai rai, na itatuwa ko na furanni. Kafin a samu wannan sai mijina ya fito da dabara. Ya sayo doguwar tabarma ya ɗinke bakinta biyu ta zama kamar rumbu, ya yanka 'yar kafa daidai idona. In zan je madafi sai in shiga ciki, in ɗaga ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da tukunya, in tafi. Ya kuma rataye gwangwanin madara da tsakuwa a ƙofar baya, in kaɗa kafin in fito, duk namijin da ya ji ya juya baya. Maƙwabcinmu, ma'aikacin ɗakin shan magani, wata uku yana gaishe ni da ƙeya, fuskarsa na kallon duwatsu. Leburori kuwa da farko sun bi doka, daga baya gwangwanin ya zama musu ƙararrawar sinima. Da sun ji sai su tsaya su jira fitowar tabarma.

Haka Baba ya same ni. Ya zo bayan Sallar layya, wadda a shekarun nan cikin damina take faɗowa. Bai yi sallama ba tukuna, yana tsaye a kan hanya yana neman zauren da zai yi sallamar, sai ya ji gwangwani, ya ga tabarma ta fito tana tafiya da ƙafafun da ya sani. Iska ta zo ta tura ni, na yi tangaɗi, miyar kuka ta zube. Leburori biyu suka ce sannu.

Baba bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tsoro. Ya ci abinci, ya yi salla, ya kwana ɗaya. Da zai tafi ya ja mijina har wurin da ya tsaya jiya, ni ina jin su ta taga. Ya zana ƙasa da sandarsa ya ce:

“Zan dawo bayan Sallar layya mai zuwa, in Allah ya kai mu. A nan zan tsaya. In na hango uwata daga kan hanya, jirgin da ya kawo ni da ita zai koma.”

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Baba ba ya magana biyu, duk unguwarmu an san haka. Ni kuma ba na son komawa. Da tabarmar da gwangwanin da komai, gidana ne, kuma mutumin da ya ɗinka tabarmar nan ya soke yatsunsa sau huɗu yana ɗinkin, bai fasa ba.

Lokacin Agusta ne. A Jos a watan Agusta ko muciya ka kafa a ƙasa sai ta yi toho. Na ɗauka washegari za a fara haƙa ramuka. Washegarin mijina ya shigo da littafi.

Matar wani Bature ce za ta koma gida, ta raba tarkacenta, rabon mijina ya faɗa kan littafin lambu mai kauri, da hotuna, an tsara shi wata-wata. Ya sa masa bango da takardar siminti. Kullum bayan la'asar sai ya zauna ya karanta yana fassara mini, ni ina tsintar shinkafa. A nan na ji cewa ba a dasa itatuwan shinge sai bishiyoyi sun zubar da ganye, kafin ƙanƙara ta fara sauka, wato a Nuwamba. Na ce ai mai littafin ƙasarsu yake nufi. Ya dube ni da tausayi ya tambaye ni me ya sa Turawa ke barin Legas da Kano su zo Jos hutu. Saboda sanyinta irin na gida ne. Ashe ke nan Jos ƙanwar Ingila ce, abin da aka rubuta wa yaya kuwa ya hau kan ƙanwa.

Sai ya shiga jiran zubar ganye. Bishiya ɗaya ce a layinmu, mangwaro, kuma duk wanda ya san mangwaro ya san bai taɓa tuɓewa don kowa ba. Kullum in ya taso daga ofis sai ya tsaya a gindinsa ya ɗaga kai. Wata rana ya shigo da ganye shida a aljihu ya ce an fara. Na ce masa in zubar ganye ake jira, ai gawo da damina yake zubarwa, yanzu haka duk gawon Zariya tsirara yake, sai mu dasa gobe. Na yi zaton na kama shi. Ya buɗe bayan littafin ya bi sunaye da yatsa har ƙarshe, ya ce babu gawo. Abin da babu shi a littafi bai isa ba da shaida ba.

Matar maƙwabcin namu, wadda duk layin ke ce wa Mama, ita ce ta fara gaya mini gaskiya. 'Yar asalin dutsen nan ce, Kirista, iyayenta manoma, ta girme ni da shekara kamar goma sha biyar. Hausarta ba ta san mace ba. A bakinta da ni da mijina da akuyarta duk maza ne. Ta shigo mini wata rana da hantsi ta zauna bakin gado ta ce:

“Amarya, oga naka yana jiran mene? Ruwa yana tafiya. Ka haƙa rami, ka sa hannu. In ya jiƙe har gwiwan hannu, ka dasa. In bai kai ba, ka koma ka yi barci. Shi ke nan karatun.”

Ta ce za ta kawo mana ƙerana daga ƙauyensu, itacen nan mai ƙaya da farin ruwa da mutanen dutse ke kewaye gonaki da shi, ko kura ba ta ratsa shi. Da na gaya wa mijina sai ya yi mata godiya ƙwarai, ya ce amma shingen ƙauye ne, bai dace da gidan ma'aikaci ba. Ruwa ya yi ta zuba a banza har Oktoba, ni ina kallonsa ta taga ina jin kamar ana zubar mini da mai.

Ranar ɗaya ga Nuwamba ya yafe wa mangwaro, ya ce kalanda ta fi shi. A lokacin ruwa ya ɗauke da mako uku, ƙasa ta yi tauri sai da diga. Ya samo rassa a wurin gadinan Bature, mai kula masa da lambu, 'yan sirara, tsawon kamu biyu-biyu. Ya auna tsakanin rami da rami da rular ofis. Kowane reshe ya ɗaura masa ɗan gwangwanin da ya buɗe ya rubuta suna a jiki, sunaye masu tsawo da ko shi sai ya numfasa a tsakiya. Da ya gama ya lulluɓe gindinsu da ciyawa, ya sa wa kowanne hular tsohon buhu saboda ƙanƙara. Ruwa kuwa ko ɗigo, don littafi ya ce ruwa a lokacin sanyi yana ruɓar da saiwa.

Ni nakan saci jiki in zuba musu ruwan wanke-wanke, amma mai tafiya cikin tabarma ba ta iya shayar da rami arba'in. Kullum da safe yakan fita da bargo a kafaɗa ya dubi sama ko ƙanƙarar ta kusa. Sanyin Jos ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har man gyaɗa ya daskare a kwalba, amma bai kai yadda mijina ke fata ba. Kafin Janairu ya fita rassan sun bushe ƙayau. Akuyar Mama ta zo ta ture hular ɗaya, ta shinshina, ta wuce abinta. Na nuna masa, na karya guda a gabansa ya ji ƙarar. Ya ce ba mutuwa suka yi ba, barci suke yi, haka shafi na tamanin da wani abu ya faɗa, kuma kada in ƙara karya mai barci.

Da Maris ya kama sai littafi ya ce lokacin masu yaɗo ne, irin furannin da ke hawa bango. Babu bango, saboda haka ya tafi kasuwar Katako ya zo da wani kafinta Bayarabe, aka kafa doguwar ragar katako a gefen hanya, tsayinta ya fi mutum, kafofinta kai na shiga. Kafintan ya tambaya sau biyu ko za a rufe kafofin, da aka ce masa fure zai rufe sai ya dubi ƙasa, ya dubi rana, ya ce oga ya fi shi sani. Daga ranar leburori suka samu wurin jingina. Da a fili ake kallona, yanzu kowa da tagarsa.

Ana cikin zafin nan aka yi ruwan bazara sau ɗaya, irin wanda ke sauka ya ruɗi baƙo. Mama ta aiko a ce kada a yarda da shi, maƙaryaci ne. Mijina ya ce littafi da sama sun haɗu a rana ɗaya, wace shaida kuma ake nema. Ya fito da 'yan fakitin iri da ya saya a kanti, masu hoton fure a jiki, ya shuka su a gindin ragar. Rabi kajin layi suka tone, shuka a idon makwarwa ke nan. Rabin ya tsiro, 'yan kore shar, har ni sai da raina ya biya. Rana ta yi mako uku tana dukansu, suka kwanta.

Ƙarshen Afrilu damina ta gaskiya ta sauka, kwaɗi suka cika ramukan kuza da kuka, duk matar da ke layin ta fito da fartanya. Mijina ya buɗe littafi ya ce kash, lokaci ya wuce, an hana taɓa saiwa in ganye ya fara fita, sai wata Nuwambar. Na ce Sallah fa saura wata uku. Ya ce zai nuna wa Baba shafin, Baba mai hankali ne. Baban da bai san baƙin boko ko ɗaya ba, kuma ko ya sani ba shafi ya ce zai duba ba. Ranar na yi fushin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni. Na ƙona tuwo da gangan, na zauna na ga ya cinye shi tas yana cewa ya yi daɗi, sai fushin ya koma kuka.

Allah ya kawo sauƙi ta hanyar ofis. Farkon Mayu aka tura shi Kuru na mako biyu. Ƙurar motar ba ta kwanta ba Mama ta shigo da dami a ka, rassan bini-da-zugu masu kauri, kowanne ya kai mini ƙirji, da 'ya'yan soso ƙulle a bakin zane. Ta ce bini-da-zugu ko akuya ba ta ci, soso kuma in ya samu ruwa da abin hawa, kana kallo yana tafiya. Muka bari maza suka tafi aiki, ruwa ya kori masu wucewa, muka fita. Na jingine tabarmar a bango. Mama ta haƙa rami na farko ta kamo hannuna ta cusa ciki har gwiwa. Ƙasar da sanyi, da laushi, tana manne wa fata. Rabona da taɓa ƙasa haka tun ina 'yar shekara bakwai muna ginin 'yar tsana.

Kwana biyu muka yi. Muna tuge matacce muna dasa mai rai a raminsa, daidai inda rula ta auna. Na tara 'yan gwangwanayen sunayen zan zubar, Mama ta riƙe mini hannu.

“Ka mayar masa da takardansa,” in ji ta. “In ya ga ba suna, zai cire duka ya jira Nuwamba.”

Muka ɗaura wa kowane bini-da-zugu sunan da ubansa bai taɓa ji ba. Matattun rassan kuwa da su na dafa wake.

Da mijina ya dawo ya tsaya a bakin hanya da akwatinsa a hannu, ya daɗe bai motsa ba. Rassan sun fara toho, soso ya kama ragar da 'yan yatsunsa. Abin da ya bari kamu biyu ya dawo ya tarar da shi a ƙirji, ko makaho ya shafa ya san an yi canji. Ya ajiye akwatin ya bi su ɗaya-ɗaya yana karanta sunaye, sannan ya juyo fuskarsa na haske ya ce mini ai ya faɗa, barci suke yi. Tsayin ma bai dame shi ba, ya ce wanda ya yi wata shida yana hutawa dole ya tashi da ƙarfi.

Ya riƙa kawo abokan aikinsa kallo. Ya tare Mama a bakin famfo ya yi mata bayanin barcin itatuwa, ya ce ilimi ba ya ƙarya, sai dai a rasa haƙurin jiransa. Mama ta ɗan rusuna ta ce oga ya iya. Da soso ya fitar da furensa rawaya sai ya nemo hoton wani fure rawaya a littafin ya ajiye su gefe da gefe. Ba su yi kama ba ko kaɗan, ya ce iskar dutse ce ta ɗan sauya shi. Kafin Yuni ya ƙare ragar ta rufe ruf, ganyen bini-da-zugu masu faɗi sun haɗe da juna. Wata safiya na buɗe ƙofar baya na fita haka nan, na taka goma sha ɗayan nan a hankali, na dawo na sake takawa. Na ɗauko kujera na zauna a rana na tsefe kaina. Ban taɓa jin daɗin rana kamar na ranar ba.

Aka yi Sallah. Wasiƙa ta zo cewa Baba zai sauka ranar Laraba. Ranar Asabar da yamma ina ɗaki ina goge rigunan ofis da dutsen guga, sai na ga hasken taga ya ƙaru, alhali hadari ne a sama. Sannan na ji ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Na leƙa. Mijina ne da ƙaton almakashin da ya aro wurin gadinan Bature, ya naɗe hannun riga, gumi na zuba. Ya ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan daidai gwiwarsa, duk abin da ya wuce zaren ya sare shi. Ta gefen hanya ya fara, kuma ya gama da gefen. Soso yana zube a ƙasa tuli guda da furanninsa. Da ya gan ni ya yi murmushi ya ce littafi ya ce shekarar farko dole a rage shinge zuwa gwiwa don ya yi kauri daga ƙasa, mai yaɗo kuma a datse shi in ya gama fure. So yake Baba ya tarar da aiki tsaf.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fita ba gwangwani ba tabarma, dutsen guga a hannuna, na ce da muryar da sai da ƙarshen layi ya ji:

“Malam, bini-da-zugu ne! Soso ne, na wanka! Ni da Mama muka dasa kana Kuru. Naka sun mutu tun Janairu, da su na dafa waken da ka ce ya yi daɗi.”

Ya tsaya da almakashin a buɗe. Ya dubi tulin, ya dubi hanya, wadda yanzu ake ganinta tas har da mai tallar rake da ya tsaya kallo. Na jira ya yi musu, na ma so ya yi, don in samu inda zan sauke sauran. Sai ya sunkuya ya ɗauki ganye ɗaya ya juya shi, ya ce a hankali da ma ya ga bai yi kama da na hoton ba. Fuskarsa ta koma ta wanda aka yi wa mutuwa, ni kuma duk masifar da na haɗo ta bi iska.

Abin da ya yi bayan nan ihu ne bayan hari, amma ban hana shi ba. Ya ɗauko jan zaren da ake ɗaure fayil da shi a ofis, ya bi rassan da ya sare yana mayar da kowanne kan gindinsa yana ɗaurewa. Sosai ya yi aikin, har da gwada wane kai ne na wane gindi. Soson ma ya ɗaga shi ya rataye a ragar. Ranar Lahadi daga nesa kamar shinge. Litinin ganyen ya yi laushi, Talata ya koma tsummokara, rassan suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya suna reto a jikin jan zare. Mama ta zo ta gani ta fara dariya har da riƙe ciki, da ta dubi fuskata sai ta haɗiye. Na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado na fara jera zannuwa. Mijina yana zaune bakin ƙofa yana kallona, littafin na kan tebur, bai taɓa shi ba.

Laraba ya tafi tasha taryen Baba. Bayan azahar na hango su tafe ta taga. Hannun Baba na kan kafaɗar mijina, abin da ya ba ni mamaki, don Baba ba mai dafa suruki ba ne. Mijina kuwa kansa a ƙasa, yana tafiya sannu-sannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka tsaya a kan hanya. Na ji Baba ya ce a tsayar da shi inda ya tsaya bara. Sannan ya ɗaga murya ya ce uwarsa ta fito tsakar gida.

Na yafa gyale na fita na tsaya a tsakiyar filin. Me ya rage a ɓoye? Tsakanina da shi guntayen itace ne iyakar gwiwa, da raga mai kafofi, da jan zare na lilo. Ina ganinsa sarai, har furfurar da ta ƙaru a gemunsa. Ya dogara sanda ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ta ɗan karkata wajen madafi, na ɗauka takaici ne ya hana shi dubana.

“Ba na ganin kowa,” in ji shi. “Shinge ya yi. Allah ya yi muku albarka.”

Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini. Na ce a raina ashe tsohon nan ya iya sassauci, ashe shi ma yana magana biyu in ta kama. Na dubi mijina don mu haɗa ido, ya kau da kai, na ga yana share fuska da hannun riga.

Aka shigo da Baba ɗaki aka zaunar da shi a kan buzu, mijina ya fita. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa ruwa a kofi. Ya miƙo hannu, hannun ya wuce ta gefen kofin ya kama iska. Ya sake miƙowa, ya sake wucewa. Sai a lokacin na dubi idanunsa da kyau. Wani fari-fari ya lulluɓe su duka biyun.

Na ce, “Baba, tun yaushe?”

Ya ce tun bayan tafiyarsa daga nan abin ya fara, kaɗan-kaɗan, ya hana a rubuto mini. Sannan ya ce:

“Farkon damina ina ɗan gani-gani, na so in taho in dube ki tun da sauran haske. Sai na ce a'a, in na zo da wuri na zalunci yaron nan, bari in ba shi lokaci shukarsa ta kama.”

Na matso kusa da shi, na kamo hannunsa na sa masa kofin, na riƙe hannun da nawa biyu har ya gama sha.